Man da Ba a Gani: Abin da Wasan Bolin Ke Faɗa Game da Natsuwa

Mukan ambaci natsuwa da kwanciyar hankali a numfashi ɗaya, har mai sauraro ya ɗauka abu guda ne aka ba suna biyu. Amma yadda muke amfani da su ya nuna akwai bambanci. Kwanciyar hankali samunta ake yi: bashi ya biyu, mara lafiya ya samu sauƙi, matafiyi ya iso gida. Natsuwa kuwa umarni ake bayarwa da ita. Malami yakan ce wa ɗalibi "ka natsu", kuma ba hutu yake ba shi ba, aiki yake ɗora masa. Malaman fiƙihu ma da suka lissafa natsuwa cikin farillan salla sun bayyana ta da cewa gaɓoɓi su tsaya su zauna a kowane rukuni kafin a wuce zuwa na gaba, wato abu ne da jiki ke aikatawa, ido kuma ke iya gani. A kan wannan bambanci nake so in tsaya, kuma hujjata daga wani wasa ne da ya yi nisa da mu, wasan bolin mai kwalabe goma, wanda Amurkawa suka tsara dokokinsa a birnin New York a 1895. Ra'ayina shi ne, abin da masu horar da 'yan wannan wasa ke rabawa gida biyu, gwanintar hannu a gefe, ƙarfin zuciya a gefe, a haƙiƙa abu ɗaya ne, kuma sunansa natsuwa. Wanda ya tafi neman kwanciyar hankali a tsakiyar gasa ya ɓata hanya tun daga ƙofa.

A ido wasan ba shi da wuya. Dogon titi ne mai santsi, tsawonsa ƙafa 60 daga layin da ba a tsallakewa zuwa kwalbar farko, faɗinsa siraran falankai 39, da kwata a kowane gefe. A can ƙarshe an jera kwalaben katako goma cikin siffar dala, kowace tsayinta inci 15. Ɗan wasa ya gangaro ƙwallo mai nauyin da bai wuce laba 16 ba. Wasa zango goma ne, kowane zango jifa biyu. Idan jifar farko ta share kwalaben tas, wato shara, maki goma ne haɗe da abin da jifa biyu masu zuwa suka kayar. Idan sai da jifa ta biyu aka ƙarasa, goma ne haɗe da jifa ɗaya mai zuwa. Shara goma sha biyu a jere, ta zanguna goma da ta jifa biyu masu bin ta ƙarshe, ita ce 300, iyakar abin da ake iya samu. Babu mai tare ka, babu mai ture ka, abokin hamayya yana zaune a kujera yana jiran nasa lokacin. Saboda haka ne wasan ya dace da wannan bincike. A ƙwallon ƙafa ko dambe, in mutum ya kasa, akwai wanda ya kasar da shi. A nan kwalabe ba sa motsi, nisa bai canzawa, kuma duk da haka gwanaye na faɗuwa.

Abin da ke kayar da su yana shimfiɗe a kan titin, ido bai ganinsa. Kafin a fara wasa, na'ura takan shafa mai a kan kashi biyu cikin uku na titin, galibi tsawon ƙafa 35 zuwa 45, a bar ƙarshen a bushe. Asalin man don kare katako ne, amma shi ya zama zuciyar wasan. Ƙwallon da aka saki tana juyi takan zame a kan mai, in ta fita ta taka busasshen wuri sai ta kama ƙasa ta lanƙwaso, sannan ta miƙe tana gangarawa cikin kwalabe. Wannan lanƙwasar ake nema, domin ƙwallon da ta tafi sak ba ta shiga ƙofar da ke tsakanin kwalba ta ɗaya da ta uku da karkatar da ake so, wadda binciken hukumar wasan ta Amurka ya nuna kusan digiri 6 ce. A kyakkyawar shara, kwalabe huɗu kawai ƙwallon na-dama ke taɓawa, ta ɗaya, ta uku, ta biyar da ta tara. Sauran shida 'yan'uwansu ne ke kayar da su. To, man nan ba ya zama yadda aka shafa shi. Kowace ƙwallo da ta wuce tana shan wani, tana jan wani gaba zuwa wurin da a da yake bushe. Layin da ya ba ka shara a zango na biyu, zuwa zango na bakwai ya zama wani titi dabam, ba tare da wata alama da za ka gani ba. Shaida ɗaya ce tak: yadda ƙwallon ta tafi, inda ta fara lanƙwasa, da kwalbar da ta rage a tsaye. Ɗan wasa na karanta titi ne kamar yadda mai fito ke gane halin kogi daga abin da gora ke gaya wa hannunsa.

Nan ne ma'anar natsuwa ta fara bayyana. In jifarka ba ɗaya take da ta baya ba, ba ka da hanyar sanin ko titi ne ya canza ko hannunka ne ya kauce. Shi ya sa masu horarwa ke nacewa a kan abubuwan da ke gundurar sabon shiga: tsayuwa a falanki ɗaya, taku huɗu ko biyar iri ɗaya, barin nauyin ƙwallo ya kaɗa hannu ba tare da an tilasta shi ba, isowar ƙafar ƙarshe da ƙwallo bakin layi a lokacin da ya dace, da tsayawa cak bayan saki har ƙwallo ta isa. Shi ya sa kuma ake hana ɗan wasa kallon kwalabe, a ce ya kafa ido a kan kibau bakwai da aka zana kimanin ƙafa 15 daga layi, domin abin da ke kusa shi ake iya saitawa, shi kuma ake iya tabbatar an bi ta kansa ko an kuskure. Duk wannan ana kiransa dabarar jiki, amma amfaninsa na hankali ne: yana mayar da kowace jifa tambaya mai tsabta da titi zai iya amsawa. An sha ba da labarin yadda Earl Anthony, wanda ya ci kambu 43 a gasar ƙwararru ta PBA, yake atisaye a titin da ba a jera kwalabe ba. Mutumin da ya yi haka ya raba kansa da ƙarar faɗuwar kwalabe, ya koya wa idonsa cewa labarin yana ga tafiyar ƙwallo.

Wani zai ce, to ai maimaici ke nan, kuma maimaici aikin na'ura ne. Ina ruwan hankali? An gwada wannan. Hukumar wasan ta Amurka, USBC, tana da wani mutum-mutumi a cibiyar bincikenta da ke Arlington a jihar Texas, sunansa EARL, wanda ke iya sakin ƙwallo da gudu ɗaya, juyi ɗaya, a wuri ɗaya, fiye da yadda kowane ɗan Adam zai iya. A 2010 aka haɗa shi da ƙwararren ɗan wasa Chris Barnes, Barnes ya doke shi 259 da 209. Na'urar ba ta gajiya, gabanta ba ya faɗuwa, taron jama'a bai dame ta ba. In da kwanciyar hankali ce ke cin wasa, babu mai kama ƙafarta. Abin da ba ta da shi shi ne lura. Ƙwallon da ke bin layi ɗaya ba kuskure ita ce ta fi saurin cinye man layin, kuma na'urar ba ta ganin haka da kanta, sai masu saita ta sun gani sun gyara. Barnes kuwa yana gani yana gusawa. Maimaici sharaɗi ne, amma don a samu damar lura ake yin sa, kuma lura ba ta da amfani sai ta haifi gyara: matsa ƙafa falanki biyu hagu, ido falanki ɗaya, ko canza ƙwallo zuwa wadda fatarta ba ta kama ƙasa da wuri.

Sai dai akwai ƙalubalen da ya fi wannan nauyi, kuma daga masana halayyar ɗan Adam ya fito. Tun 1984 Roy Baumeister ya nuna cewa matsin lamba na sa mutum ya juyo da hankalinsa kan motsin jikinsa, kuma wannan juyowar ce ke ɓata aikin da jiki ya riga ya iya. A farkon shekarun 2000 Sian Beilock da Thomas Carr suka gwada haka da 'yan wasan golf, aka ga gwani ya fi kuskure idan aka sa shi ya bi motsinsa daki-daki. Daniel Wegner kuma ya nuna cewa wanda aka gargaɗa kada ya yi wani kuskure, in hankalinsa na ɗauke da wani nauyi, yakan faɗa cikin kuskuren da aka hana shi. Idan haka ne, ashe yawan lura da nake yabo ba shi ne gubar ba? Ashe ba gara a ce wa ɗan wasa ya daina tunani ba?

Ina ganin waɗannan binciken ba su rushe maganata ba, sun ƙara mata iyaka ne. Ba su ce tunani laifi ne ba. Sun nuna inda tunani ba shi da hurumi da kuma lokacin da ba nasa ba. Jifar bolin daga taku na farko zuwa saki ba ta wuce 'yan daƙiƙu, sauran lokacin gasa duk jira ne. A cikin jiran nan ake hisabi: me ƙwallon ta yi, me na abokan titi ke yi, ina mai ya koma. Da ɗan wasa ya goge ƙwallonsa da tsumma, ya busar da hannu a iskar na'ura, ya taka filin jifa, an rufe shawara. Daga nan hankali na da aiki ɗaya, kibiyar da aka zaɓa. Waɗannan 'yan al'adu da kowane ƙwararre ke maimaitawa kafin jifa, waɗanda baƙo zai ɗauka camfi ne, su ne katangar da ke raba lokacin tunani da lokacin aiki. Wanda ya natsu shi ne wanda hankalinsa ke wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma wurin da ya kamata. Wanda ya hau filin jifa yana sauran gardama da kansa a kan ko layin daidai ne, hannunsa zai yi ƙoƙarin bin shawara biyu a jifa ɗaya. Wanda kuma ya koma kujera yana cizon yatsa a kan jifar da ta wuce, ya ɓatar da lokacin da ya kamata ya karanta titi. Dukansu ba su natsu ba, ko da fuskokinsu a sake suke.

A nan ya kamata a tsaya kan abin da ya faru a gasar Fair Lanes Open ta 1991 a jihar Maryland, domin a nan aka yi ɗaya daga cikin jifar da aka fi tattaunawa a tarihin wasan. Del Ballard ya shiga zango na goma yana buƙatar shara biyu da kwalabe bakwai don ya doke Pete Weber. Ya yi shara ta farko, ya yi ta biyu. Abu mai wuya ya wuce. Layin da yake bi a ranar yana dab da bakin kwata ne, inda kuskuren falanki ɗaya ko biyu ya isa, sai jifar ƙarshe ta faɗa kwata. Weber ya ci 213 da 207. Abin da aka saba faɗa shi ne tsoro ya kama shi. Mai yiwuwa. Amma akwai karatun da ya fi amfani ga mai koyo: tambayar da ke gabansa ta canza tsakanin jifa ta biyu da ta uku. Da farko goma ake nema, kuma layin gefen kwata shi ke ba da goma. Yanzu bakwai ake nema, abin da ƙwararre zai samu da kusan kowace jifa da ta doshi tsakiya. Masu kare shi na da hujja, domin barin layin da hannu ya saba a jifar ƙarshe shi ma haɗari ne. Duk da haka muhawarar kanta ta tabbatar da abin da nake faɗa: ana gardama ne a kan shawarar da aka yanke kafin a taka filin jifa, ba a kan bugun zuciya ba. Makonni biyu bayan haka Ballard ya ci gasar Long Island Open. A wurina wannan ya fi faɗawa kwata bayyana ko shi wane ne, domin ya iya ajiye jifar da duk ƙasar ta kalla a talabijin, ya koma karatun titin da ke gabansa.

Weber ɗin da ya ci shi kuwa shi ne misalin da ake kawowa don a ce natsuwa ba dole ba ce. Mutum ne mai zafin rai, mai ihu, mai cacar baki da 'yan kallo, amma ya ci kambu 37, kuma a 2012 ya ɗauki US Open karo na biyar da ratar maki ɗaya, 215 da 214, da shara a jifar ƙarshe. In natsuwa na nufin sanyin hali, Weber ya ƙaryata ta. Amma ku dubi lokacin da yake ihun: bayan ƙwallo ta bar hannu ne. Tsakanin taku na farko da saki, hannunsa na cikin mafi laushi da daidaito da aka taɓa gani a wasan. Zafin rai da sanyin rai hali ne da aka halicci mutum da shi. Natsuwa horo ce da mai kowane hali zai iya ɗauka. Haka ma siffar jifa. Jason Belmonte na garin Orange a Ostireliya da hannu biyu yake jifa, ba ya sa babban yatsa a ramin ƙwallo, salon da aka daɗe ana yi wa kallon raini, kuma da shi ya tara manyan kambuna 15, fiye da kowa. Walter Ray Williams, mai kambu 47, jifarsa kusan miƙaƙƙiya ce. Babu siffa ɗaya da ta haɗa su in ban da cewa kowannensu na iya maimaita tasa, ya kuma karanta amsar da ta dawo.

Akwai wurin da natsuwa ke ɓoye, inda 'yan kallo ba sa tafi, wato jifa ta biyu. Lissafi kaɗai ya isa hujja. Wanda ke kayar da tara a kowace jifar farko, ya kuskure ɗayar da ta rage, zai tashi da 90. Wanda ke kayar da tara ɗin nan, ya ƙarasa ɗayar kowane zango, zai tashi da 190. Jifar farkonsu ɗaya ce, maki ɗari ya raba su. Ƙwararru da yawa na ɗauke da wata ƙwallon roba mai santsi musamman don wannan aiki, wadda ba ta lanƙwasa, don su cire mai daga lissafi su doshi kwalbar kai tsaye. Amma wahalar ba ta hannu ba ce. Mutum ya yi jifar da ya tabbata shara ce, kwalba ta goma ta tsaya a lungu tana kallonsa, ransa ya ɓaci, sai ya ɗauki ƙwallo da sauri ya jefa yana tunanin wadda ta wuce. Yawancin ƙarashen da ake kuskurewa haka ake kuskure su. Mai son ya inganta wasansa, kafin ya sayi sabuwar ƙwallo, ya ware kaso mai tsoka na atisayensa ga kwalaben lungu, ta bakwai da ta goma, har ɗaukarsu ta daina buƙatar yanayin zuciya mai kyau.

Ba zan ɓoye cewa kayan zamani sun rikita ma'aunin ba. Tun da aka fito da ƙwallaye masu fatar da ke shan mai a farkon shekarun 1990, aka kuma saba shafa mai mai yawa a tsakiyar titi da kaɗan a gefe a gidajen wasa na yau da kullum, kuskure ya samu mai rufa masa asiri: ƙwallon da ta kauce waje busasshen gefe ya dawo da ita, wadda ta kauce ciki mai ya riƙe ta. Maki 300 da a da ake jinjinawa ya yawaita. Glenn Allison ya yi 300 sau uku a jere a La Habra ta Kalifoniya a 1982, hukuma ta ƙi amincewa saboda yanayin man titin, sai a 1997 aka amince da 900 ta farko, ta Jeremy Sonnenfeld. Wannan tarihin na nuna cewa lamba ita kaɗai ba ta faɗin gwaninta sai an san a kan wane mai aka same ta. Shi ya sa manyan gasa ke shimfiɗa mai kusan daidai daga gefe zuwa gefe, inda babu abin da zai dawo da jifar da ta kauce. Ɗan wasan da ya saba da titin gida yakan ɗauka ya natsu, alhali titin ne ke yafe masa. Ranar da ya hau titin gasa, abin da zai kira firgita sau da yawa rashin sani ne: bai taɓa koyon karatu ba domin ba a taɓa tilasta masa ba.

Saura sa'a, wadda duk mai gaskiya dole ya bar mata gurbi. A wasan ƙarshe na Tournament of Champions na 1970, Don Johnson ya yi shara goma sha ɗaya a jere, jifa ta goma sha biyu ta shiga ƙofa yadda ake so, kwalba ta goma ta ƙi faɗuwa, ya tashi da 299 ya kife a ƙasa. A wannan gasar dai a 2011, Mika Koivuniemi ɗan Finlan ya yi 299 a wasan kusa da na ƙarshe, abokin karawarsa Tom Daugherty ya tashi da 100 cif a gaban kyamara, maki mafi ƙaranci da aka taɓa nunawa a wasan PBA na talabijin. Shekara goma bayan haka Daugherty ya ci gasar PBA World Championship. Kwalabe goma masu tsalle suna bugun juna ba sa bin umarnin kowa ɗari bisa ɗari, kuma kalmar "cikakken wasa" da ake yi wa 300 kirari da ita tana yaudarar mai koyo, domin tana auna kamala da abin da ya faru ƙafa 60 daga hannunsa. Jifar Johnson ta ƙarshe ba ta gaza goma sha ɗayan da suka gabace ta ba. Saboda haka ƙwararru ke raba hukunci biyu bayan kowace jifa: na bi kibiyata da gudun da na yi niyya? Sannan, me titin ya yi da ita? In amsar farko e ce kuma kwalba ta rage, wannan labari ne game da mai, sai a gusa. In amsar a'a ce ko da an samu shara, ba a gusa ko falanki ɗaya a kan shaidar jifar da ba ta tafi daidai ba. Ɗan wasan da ya riƙe wannan rabon zai iya shiga zango na goma gabansa na dukan uku-uku, tafin hannunsa na gumi, ya goge ƙwallo, ya taka falankinsa, ya jefa abin da ya yanke shawarar jefawa tun yana zaune.